Jam'iyyun siyasa a Najeriya: Yadda suke aiki da yadda suke haɗa ɗan ƙasa da gwamnati

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar ƙuri'a a rumfar zaɓe a Najeriya ya san cewa ba sunan ɗan takara yake gani a kanta ba. Abin da ke jere a kan takardar shi ne alamun jam'iyyu da taƙaitattun sunayensu, irin su tsintsiya da lema, kuma a gefen ɗaya daga cikinsu ne mai zaɓe yake dangwala yatsa. Tsarin yana sauƙaƙa wa wanda bai iya karatu ba, amma tushensa yana cikin doka.

Sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa kowace irin ƙungiya nema wa ɗan takara ƙuri'a, in ba jam'iyyar siyasa ba. Sassa na 65 da 106 da 131 da 177 kuma sun shardanta cewa duk mai neman kujerar majalisar tarayya ko ta jiha, ko ta shugaban ƙasa ko ta gwamna, dole ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma ita za ta tsayar da shi. Ke nan babu ɗan takara mai zaman kansa. Ƙofa ɗaya ce tak daga cikin jama'a zuwa kujerar mulki, kuma jam'iyya ce ke riƙe da mabuɗinta.

Mece ce jam'iyya?

Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, inda take nufin taron mutane da suka haɗu a kan wata manufa. A siyasa, jam'iyya ƙungiya ce da ke neman karɓar mulki ta hanyar zaɓe domin ta gudanar da shi bisa manufofinta. Nan ne ta bambanta da ƙungiyar ƙwadago ko ta manoma ko ta 'yan kasuwa. Waɗannan suna matsa wa gwamnati lamba ne a kan buƙatun mambobinsu, ita kuwa jam'iyya so take ta zama gwamnatin.

Aikinta na farko shi ne tattara buƙatu. Manomi yana son taki a kan kari, ma'aikaci yana son ƙarin albashi, ɗan kasuwa yana son rangwamen haraji, kuma aljihun gwamnati ɗaya ne. Jam'iyya ce ake sa ran za ta auna waɗannan buƙatu masu cin karo da juna, ta fitar da kundin manufofi guda da za ta kai gaban masu zaɓe. Daga nan sai ta tace masu son mulki ta tsayar da mutum ɗaya a kowace kujera, ta fita yaƙin neman zaɓe, ta tura wakilanta rumfuna. In ta ci, ta kafa gwamnati. In ta faɗi, ta zama 'yar adawa mai sa ido, wadda jama'a za su iya komawa gare ta a zaɓe na gaba.

Tarihi a taƙaice

Jam'iyyar farko a ƙasar nan ita ce NNDP, wadda Herbert Macaulay ya kafa a Legas a 1923, bayan da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba da damar zaɓen kujeru huɗu a majalisar dokoki, uku na Legas, ɗaya ta Kalaba. A 1944 aka kafa NCNC, wadda Nnamdi Azikiwe ya jagoranta bayan rasuwar Macaulay. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC, ta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarar ce kuma AG ta Obafemi Awolowo ta bayyana a Yamma.

A wancan zamani jam'iyya ta shiga har cikin gaisuwa. Ɗan NPC yakan ce Salama, ɗan NEPU ya ce Sawaba, kuma mutane da dama sun sha ɗauri da bulala saboda katin da suka yanka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jigo a reshen mata na NEPU, ta shiga gidan yari sau da dama tana fafutukar a ba mata 'yancin zaɓe, abin da matan Arewa ba su samu a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Sai dai manyan jam'iyyun nan uku, NPC da NCNC da AG, kowace ta kafu ne a yankinta, kuma gabar da ke tsakaninsu tana cikin abubuwan da suka kai ga juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Sojoji sun soke jam'iyyu baki ɗaya.

Wannan darasi ne ya sa masu tsara kundin 1979 suka ɗaure jam'iyyu da sharuɗɗan zama na ƙasa baki ɗaya. Biyar suka samu rajista a zaɓen shekarar: NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP. A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ƙi amincewa da dukkan ƙungiyoyin da suka nemi rajista, ya kafa jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu kundi ta kuma gina musu ofisoshi. Su ne suka kara a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, tsakanin Moshood Abiola da Bashir Tofa, wanda aka soke. A zamanin Janar Sani Abacha jam'iyyu biyar aka yi wa rajista, kuma a 1998 dukkansu suka tsayar da shi a matsayin ɗan takararsu.

Jamhuriya ta Huɗu ta fara a 1999 da jam'iyyu uku: PDP da APP da AD. PDP ta riƙe mulkin tarayya shekara 16. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, kuma a 2015 Muhammadu Buhari ya kayar da Shugaba Goodluck Jonathan. Wannan ne karon farko da jam'iyyar adawa ta karɓi mulkin tarayya ta akwatin zaɓe.

Sharuɗɗan rajista

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ita ce ke yi wa jam'iyyu rajista, bisa sharuɗɗan da ke Sassa na 222 da 223. Dole ƙofar jam'iyya ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa ba tare da la'akari da ƙabila ko addini ko jinsi ko asali ba. Sunanta da alamarta kada su nuna wata ƙabila ko addini ko yanki. Hedikwatarta ta kasance a Abuja. Kwamitinta na zartarwa ya ƙunshi mutane daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa, kuma a riƙa zaɓen shugabanninta a kan kari, wa'adin da bai wuce shekara huɗu ba. Sashe na 227 ya haramta horar da wasu mutane ko ba su makamai domin cimma burin siyasa da ƙarfi, wato abin da ake kira 'yan bangar siyasa.

A 2002 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Alhaji Balarabe Musa da wasu suka shigar, ta yanke hukuncin cewa INEC ba ta da hurumin ƙara wasu sharuɗɗa a kan waɗanda kundin tsarin mulki ya gindaya. Daga nan jam'iyyu suka yi ta ƙaruwa, har suka kai 91 a zaɓen 2019, inda mutum 73 suka tsaya takarar shugaban ƙasa. A Fabrairun 2020 hukumar ta soke rajistar 74 daga cikinsu bisa Sashe na 225A, wanda ya ba ta ikon soke jam'iyyar da ta kasa cin ko da kujerar kansila ɗaya, ko ta kasa samun kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un jiha ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa, ko na ƙaramar hukuma ɗaya a zaɓen gwamna. Jam'iyyu 18 ne suka shiga zaɓen 2023.

Ko da yawansu ya kai nawa, biyu ko uku ne kan yi tasiri, kuma dalilin yana cikin tsarin zaɓen. A kowace mazaɓar majalisa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke kwashe kujerar, na biyu ya tashi hannu rabbana ko da ƙuri'a ɗaya aka fi shi. Mai neman shugabancin ƙasa kuma, ban da rinjaye, Sashe na 134 ya ce sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Waɗannan sharuɗɗa suna tilasta wa 'yan siyasa su dunƙule a manyan jam'iyyu.

Daga mazaɓa zuwa Abuja

Ginin manyan jam'iyyu yana bin taswirar mulkin ƙasa. A ƙasa akwai mazaɓa, wadda wasu ke kira gunduma, kuma akwai 8,809 a faɗin Najeriya. A nan ake yankar kati, a nan rajistar mambobi take, a nan kuma ake zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa. Sama da ita akwai ƙananan hukumomi 774, sai jihohi 36 da Abuja, sai shiyyoyi shida, sai matakin ƙasa.

A matakin ƙasa, Babban Taron Jam'iyya shi ne ƙololuwar iko. Shi ke zaɓen shugabanni na ƙasa, shi ke gyara kundin jam'iyya. Tsakanin taro da taro, Kwamitin Zartarwa na Ƙasa ne ke yanke manyan hukunce-hukunce, Kwamitin Gudanarwa kuma, ƙarƙashin shugaban jam'iyya, shi ke tafiyar da al'amuran yau da kullum. Wasu jam'iyyu suna da Kwamitin Amintattu na dattawa masu ba da shawara da sasanci.

A rubuce, iko yana tasowa ne daga mazaɓa ya haura sama. A aikace sau da yawa daga sama yake saukowa. Gwamna mai ci shi ake kira jagoran jam'iyya a jiharsa, kuma a lokacin zaɓen shugabannin mazaɓu akan ga an zo da jerin sunaye a rubuce, a ce maslaha aka yi. Dalilin wannan kokawa a fili yake: wanda ya mallaki shugabannin mazaɓu shi ya mallaki daliget, wanda ya mallaki daliget kuma shi ke da tikiti.

Zaɓen fid da gwani

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku na tsayar da ɗan takara. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a. Akwai zaɓen daliget, inda wakilai kaɗan da aka zaɓo daga ƙasa suke zaɓa a madadin sauran. Akwai kuma maslaha, wadda dokar ta ce ba ta inganta sai duk masu neman tikitin da aka tantance sun rubuta amincewarsu da janyewa. Dokar ta wajabta a sanar da INEC kwana 21 kafin kowane irin taron zaɓe, a miƙa mata rajistar mambobi kwana 30 kafin ranar, a kuma kai mata sunayen 'yan takara kwana 180 kafin babban zaɓe.

Alƙaluman 2022 sun nuna nauyin wannan mataki. A watan Mayu Atiku Abubakar ya samu tikitin PDP da ƙuri'a 371, Nyesom Wike na biye da shi da 237. A watan Yuni Bola Tinubu ya samu na APC da ƙuri'a 1,271. Ke nan a ƙasar da mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajistar zaɓe, 'yan dubbai ne suka tsara zaɓin da manyan jam'iyyu biyu suka ajiye a gaban jama'a. Tun ran gini, ran zane.

Kotuna sun tabbatar da wannan nauyi har sau biyu a shari'o'in da ba a mantawa da su. A Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ayyana Rotimi Amaechi a matsayin gwamnan Ribas, alhali bai yi yaƙin neman zaɓen ba, saboda shi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP kafin a musanya sunansa ba bisa ƙa'ida ba. A Mayun 2019 kuma kotun ta rushe dukkan nasarorin APC a Zamfara, tun daga gwamna har 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta gudanar da ingantaccen zaɓen fid da gwani ba. Haka Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, ƙuri'un da aka jefa wa APC kuma suka tashi a banza.

Bayan an ci zaɓe

Amfanin jam'iyya ga talaka yana bayyana ne a ranar da alkawari ya zama aiki. Jamhuriya ta Biyu ta bar misalai biyu. UPN ta yi alkawarin ilimi kyauta, kuma gwamnoninta biyar na Legas da Ogun da Oyo da Ondo da Bendel suka aiwatar. PRP ta gaji yaƙin da NEPU ta daɗe tana yi da haraji da jangali, kuma gwamnoninta, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Wanda ya dangwala wa mabuɗin PRP ya san abin da ya zaɓa, ya kuma gani a ƙasa.

Kaduna ta kuma nuna ɗaya fuskar al'amarin. Majalisar jihar tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamnan, a ƙarshe ta tsige shi a Yunin 1981. A tsarin shugaba mai cikakken iko, zaɓen ɓangaren zartarwa daban ne, na majalisa daban, don haka jam'iyya tana iya riƙe ɗaya ta rasa ɗaya.

A Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da ta Wakilai mai 360, jam'iyyu suna aiki ta hannun shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye da masu tsawatarwa, waɗanda ke haɗa kan 'yan jam'iyya wajen ƙuri'a. Amma umarnin uwar jam'iyya ba kullum yake tasiri ba. A 2011 Aminu Tambuwal ya zama kakakin Majalisar Wakilai saɓanin zaɓin PDP, a 2015 kuma Bukola Saraki da Yakubu Dogara suka karɓi shugabancin majalisun biyu saɓanin zaɓin APC.

Kuɗi da iyayen gida

A da gwamnati tana ba jam'iyyu tallafi ta hannun hukumar zaɓe, amma an daina tun daga Dokar Zaɓe ta 2010. Sashe na 225 ya hana jam'iyya ajiye dukiya a ƙasar waje, kuma duk kuɗin da aka aiko mata daga waje dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. Abin da ya rage mata shi ne kuɗin kati da gudummawa da sayar da fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Dokar 2022 ta ƙayyade kashe kuɗin ɗan takarar shugaban ƙasa a naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, na sanata miliyan 100.

Matsalar ita ce, inda mambobi ba sa biyan kuɗin kati, wani ne zai biya hayar ofis da man mota da kuɗin taro. Wanda ya biya kuwa shi ke da ta cewa. Daga nan siyasar ubangida take tsirowa, kuma ɗan takarar da ubangida ya ɗora, shi zai fara saurara kafin mutanen mazaɓarsa. Gyaran kundin 2018 ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, amma tsadar fom da hidimar daliget suna nan a gaban matasa da mata.

Sauya sheƙa

Sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Masu sauya sheƙa kan fake da wannan togaciya. Babu irin wannan tanadi a kan shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu, kuma a 2007 Kotun Ƙoli ta ce Atiku Abubakar bai rasa kujerarsa ta mataimakin shugaban ƙasa ba duk da ya koma AC. A Nuwamban 2013 gwamnonin Kano da Sakkwato da Adamawa da Kwara da Ribas suka bar PDP suka koma APC a rana ɗaya.

Illar sauya sheƙa tana kan mai zaɓe. In ya dangwala wa wata alama, ya wayi gari wakilinsa ya koma ƙarƙashin wata, to ya rasa wanda zai tuhuma. Kiranye, wanda Sashe na 69 ya tanada, yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye ya mutu a matakin tantance sa hannu a 2018.

Inda ɗan ƙasa zai shiga

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Jam'iyyu huɗu, APC da PDP da LP da NNPP, kowace ta ci aƙalla jiha ɗaya, abin da ya nuna cewa masu zaɓe suna iya juya wa manyan jam'iyyu baya in sun ga dama. Amma ƙarancin fitowar ya nuna girman tazarar da ke tsakanin jam'iyyu da jama'a.

Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin kafa jam'iyya ko shiga wadda yake so. Mai son shiga zai je ofishin jam'iyyar a mazaɓarsa ya yi rajista, ya karɓi kati, ya tabbata sunansa ya shiga littafin mambobi, domin da wannan littafi ake tantance mai ƙuri'a a ranar taro. Yana da 'yancin neman kundin jam'iyya ya karanta, ya halarci taron mazaɓa, ya tsaya takarar shugabanci ko daliget. Yana iya zama wakilin jam'iyya a ɗaya daga rumfunan zaɓe 176,606 da aka yi amfani da su a 2023, inda zai ga ƙirga da idonsa, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafi. Da waɗannan kwafi ake kafa hujja a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda dole a shigar da ƙara a gabanta cikin kwana 21 da bayyana sakamako.

Wanda ba ya son kati ma yana da hanya. Zai iya ajiye kundin alkawuran jam'iyyar da ta ci, ya kwatanta shi da kasafin kuɗin kowace shekara, ya halarci zaman jin ra'ayin jama'a na majalisa, ya kai koke ofishin wakilinsa tare da maƙwabtansa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ya sani cewa sunayen da ke bayan alamun da zai gani a takardar ƙuri'a, watanni da dama kafin ranar zaɓe aka tsayar da su, a tarukan mazaɓa da zaɓukan fid da gwani, kuma waɗanda suka halarta ne suka tsayar.